Kwanakin Sauro da Kwanakin Tsafta: Nazari a kan Yaƙi da Sauro a Gidaje da Unguwannin Shabu



Muƙaddima

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ambaci sauro a cikin Suratul Baƙara duk da ƙanƙantar halittarsa, domin masu basira su lura cewa girman al'amari ba a girman jiki yake ba, maƙasudin wannan takarda shi ne ta yi nazari a kan mas'ala guda, wadda a ganina ita ce tushen wahalar da muke sha a yaƙinmu da sauro a garin Shabu da makamantansa: wato mun ɗora tsaftarmu a kan lissafin wata, alhali kuwa shi sauro rayuwarsa a kan lissafin mako take tafiya, sa'an nan mun fi kashe ƙarfinmu da dukiyarmu a kan sauron da ke hana mu barci da kuka, muka ƙyale wanda ke shigowa shiru cikin talatainin dare ya bar mana zazzaɓi.

Ga wanda bai san wurin ba, Shabu gari ne da ke arewa da Lafiya, a kan babbar hanyar da ta nufi Akwanga, kuma a nan ne Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa take da mazauni. Tun da aka cire jihar daga Filato a shekarar 1996, aka mai da Lafiya hedikwata, birnin ya yi ta miƙe ƙafa har ya kusa haɗewa da garuruwan da ke kewayensa, ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa suka yi ta sayen filaye, gine-gine suka tashi a tsakiyar gonakin rogo da doya da masara, ta yadda a yau mutum zai ga gidan siminti mai rufin kwano, a bayansa ga ramin da aka haƙi ƙasar gininsa, gaba kaɗan kuma ga fadamar shinkafa. Damina a wannan yanki takan kama daga wajen Afrilu ta kai Oktoba, watanni shida zuwa bakwai ke nan, nesa ba kusa ba da gajeriyar daminar Katsina ko Sakkwato. Duk wanda ya haɗa waɗannan abubuwa a zuciyarsa, ruwa mai yawa, da zafi, da ramukan da hannun ɗan Adam ya haƙa, da mutane masu yawa suna kwana kusa da su, ya san cewa an shirya wa sauro shimfiɗa irin wadda yake so.

Nauyin abin a ƙasa baki ɗaya sananne ne. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na 'yan shekarun nan suna nuna cewa kimanin rubu'in masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. An samu sauƙi, gaskiya ne, domin binciken da aka yi a faɗin ƙasa ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 42 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a 2010, da kashi 27 a 2015, da kashi 22 a 2021. Sai dai mai lura zai ga cewa saukar farko ta fi ta biyu sauri ƙwarai.

Fasali na farko: wane sauro muke yaƙa?

Harshenmu ya ba mu kalma ɗaya, sauro, ga halittun da ɗabi'unsu suka sha bamban matuƙa, kuma daga wannan ƙarancin suna ne kuskuren farko ya samo asali. Iri uku ne suka shafe mu. Akwai wanda masana ke kira Kuleks, shi ne sarkin kwata da masai da ramin bayan gida da duk wani ruwa mai wari, shi ne ke tashi tamkar hayaƙi da magariba, shi ne mai kuka a kunne, kuma ba ya ɗaukar zazzaɓin cizon sauro ko kaɗan. Akwai Edis, mai ɗigo-ɗigon fari a ƙafafu, wanda ke cizo da rana, yake ƙyanƙyasa a tsohuwar taya da gwangwani da fasasshen tulu da randar da aka bari a buɗe, shi ne mai yaɗa zazzaɓin shawara. Sa'an nan akwai Anofilis, wanda in ya sauka a bango sai ya soke kai ya ɗaga gindi sama, kuma shi kaɗai ne ke ɗauko ƙwayar maleriya daga jinin wani ya zuba a jinin wani, kamar yadda ya tabbata tun da likita Ronald Ross ya gano ƙwayar a cikin sauro a ƙasar Indiya a 1897, shekara goma sha bakwai bayan likita Laveran ya gan ta a jinin majiyyaci a Aljeriya.

Abin mamaki ga Anofilis, musamman dangin da ake kira gambiye, wanda shi ne babban mai ɓarna a ƙasashenmu, shi ne tsantseninsa. Ruwan ƙazanta bai cika burge shi ba. Abin da matarsa ke nema, domin mace ce kaɗai ke cizo, don ta sami jinin da za ta raini ƙwanta, shi ne ruwa marar zurfi, mai ɗan haske, wanda rana ke duka, wanda bai daɗe da kwanciya ba balle kifi ko wasu ƙwari masu cin tsutsa su zauna a ciki: sawun kofaton saniya a bakin rafi, gurbin tayar mota a hanyar da ba kwalta, ramin masu buga bulo, kududdufin da aka ɗebi jar ƙasa, tushen ginin da mai shi ya haƙa kuɗi suka ƙare masa ya bar shi, ruwan da ke malala daga gindin famfo ko rijiyar burtsatse, da gonar shinkafa kafin shukar ta rufe fuskar ruwa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ɗan'uwansa funestus kuwa ya fi son ruwan da ke daɗewa, mai ciyawa a gefe, saboda haka shi ke riƙe cutar bayan ɗaukewar damina.

To, idan jama'ar unguwa suka fito da shebur suka yashe kwata, suka sare ciyawa, suka ƙona shara, lalle sun yi aikin lada, sun rage wari da ƙuda da sauron kuka, kuma babu mai hankalin da zai hana su. Amma idan suka koma gida suka bar ramin bulo cike da ruwan sama garai-garai a bayan masallaci, suna ganin ai wannan ruwa ne mai tsabta, to dangane da zazzaɓi an bar jaki ne ana dukan taiki. Ciyawa ma, da aka daɗe ana ɗora mata laifi, ba ta haihuwar sauro. Iyakarta ya fake a cikinta da rana. Rarrabe tsutsar kuwa abu ne da yaro ɗan firamare zai koya cikin sa'a guda da farin ludayi ko murfin roba: tsutsar Anofilis tana kwanciya a miƙe daidai da fuskar ruwa, ta sauran kuwa tana rataye ne kai ƙasa.

Fasali na biyu: lissafin kwanaki

A nan ne zan ɗan daɗe, domin nan ne jigon maganata. A irin zafin ƙasarmu, daga ranar da macen sauro ta zuba ƙwai a ruwa zuwa ranar da sabon sauro zai fito da fukafukai, abin da ke tsakani kwana bakwai ne zuwa goma, wani lokaci ma ƙasa da haka idan ruwan ya ɗumama sosai. Ƙwai ya ƙyanƙyashe cikin kwana biyu, tsutsa ta yi ta ci tana saɓa har sau huɗu, ta dunƙule ta yi kwana ɗaya ko biyu, sai ta fashe. Tsaftar gari kuwa, wadda muka gada tun zamanin mulkin soja na tsakiyar shekarun 1980, Asabar ɗin ƙarshen wata aka ware mata. Ƙiyasin a bayyane yake: tsakanin wata tsafta da mai bi mata, ramin da ya riƙe ruwa ya isa ya yaye zuriya uku, ko ma huɗu, kowace mace cikinsu tana zuba ƙwai ɗari ko fiye duk bayan kwana biyu ko uku. Ko da a ce ranar tsaftar ana taɓa ramukan da suka dace, wanda galibi ba a yi, sai ta zama kamar mai noman da ke zuwa gona sau ɗaya a damina ya yi mamakin yadda ciyawa ta cinye masa shuka. Duk aikin da za a yi wa ruwa don hana sauro, sharaɗin ingancinsa shi ne a maimaita shi kowane mako, ba fashi, kuma wannan hukunci ne da halittar sauron ta yanke, ba ra'ayin wani ma'aikaci ba.

Akwai lissafi na biyu, shi kuma a cikin cikin sauron yake. Idan mace ta sha jinin mai zazzaɓi ba nan take take iya harbin wani ba. Sai ƙwayar cutar ta yi kwana goma zuwa goma sha huɗu tana rikiɗa a cikinta kafin ta iso ga yawunta. Mafi yawan sauro kuwa ba sa kai wannan tsufa, iska da zafi da gizo-gizo da tafin hannu sukan gama da su tun da wuri. Ma'anar wannan ita ce tsohuwar sauro ce mai kisa, kuma duk dabarar da za ta rage mata kwanaki, ko da ba ta ƙarar da yawan sauro ba, ta karya ƙashin bayan cutar. Wannan ita ce hikimar da ke cikin gidan sauro mai magani da feshin bango: sauron da dole ta zo neman jini duk bayan kwana biyu ko uku, a kowane zuwa sai ta taɓa guba, da wuya ta kai kwana goma sha biyu.

Fasali na uku: abin da aka jarraba a ƙasar nan

Bai kamata mu yi magana kamar yau aka fara ba, domin Arewacin Nijeriya na daga cikin wuraren da duniya ta koyi darasin sauro. A 1954 aka soma wani babban gwaji na feshin ɗakuna a yammacin Lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, kuma ba a yi nisa ba, a 1955, aka tarar a garin Ambursa cewa sauro ya daina mutuwa da ɗaya daga cikin magungunan da ake fesawa, wato dayaldirin. Bayan haka, daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da shahararren binciken nan na Garki, a ƙasar da take cikin Jihar Kano a lokacin, yanzu kuwa Jigawa, inda aka haɗa feshi mai kyau da raba magani ga jama'ar ƙauyuka gaba ɗaya. Zazzaɓi ya ragu ƙwarai muddin ana aikin, amma bai yanke ba, da aka daina kuwa sai ya komo. Kuma daga cikin illolin da masu binciken suka gano har da cewa wani kaso na sauron, bayan ya ci jini, waje yake fita ya huta, ba ya sauka a bangon da aka fesa.

A jiharmu ma an yi. A 2012 da 2013, da tallafin gwamnatin Amurka, an fesa ɗakuna dubbai a ƙananan hukumomin Doma da Nasarawa Eggon, maƙwabtan Lafiya ta kudu da ta arewa, kuma a sanadin wannan aiki aka kafa ɗakin rainon sauro da bincikensa a jami'ar jiha da ke Keffi. Feshi irin wannan yana da fa'ida babba, amma yana da tsada, ƙarfinsa 'yan watanni ne, kuma ranar da mai ba da kuɗi ya juya baya shi ke nan. Ba abin da mai unguwa zai dogara da shi ba ne.

Sai dai akwai labari mai daɗi wanda ya cancanci a riƙa tunawa da shi, domin masu cewa sauro ya fi ƙarfinmu. Cutar tundurmi da gwaiwa, wadda a wannan yanki Anofilis ɗin nan ne dai ke yaɗa ta, ta daɗe tana nakasa mutane a Filato da Nasarawa. Aka shafe shekaru fiye da goma ana raba magani gida-gida ta hannun mutanen da kowane gari ya zaɓa daga cikinsa, tare da taimakon Cibiyar Carter, aka haɗa da rabon gidan sauro, har a 2017 aka ba da sanarwar cewa jihohin biyu sun rabu da ita a matsayin annobar jama'a. Abin lura a nan shi ne waɗanda suka ɗauki nauyin aikin: 'yan gari ne, da littafin rajista a hannu, kowa ya san gidajen da ke wuyansa.

Fasali na huɗu: abin da ke wuyan mai gida

Malaman fiƙihu sun raba wajibi gida biyu, farali na aini wanda ke kan kowane mutum shi kaɗai, da farali na kifaya wanda ke kan jama'a, idan wasu suka tsaya da shi ya faɗi daga kan saura, idan kowa ya bari kuwa kowa ya yi laifi. Ban ga rabon da ya dace da yaƙin sauro kamar wannan ba, kuma da shi zan auna sauran maganata, ba da nufin ba da fatawa ba, wannan aikin ma'abotansa ne.

Na farko cikin abin da ke kan mai gida shi ne gidan sauro mai magani. Wani babban nazari da aka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa cikin zazzaɓin da aka kauce masa a Afirka daga 2000 zuwa 2015, kimanin kashi 68 cikin ɗari albarkacin gidan sauro ne. Sharuɗɗansa kaɗan ne, amma ana yawan keta su: a shanya sabo a inuwa kwana guda kafin a shiga, don kauce wa ƙaiƙayin da ke sa mutane su tsane shi tun daren farko, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma, a wanke shi da sabulu mai laushi jefi-jefi, kada a shanya a rana, a ɗinke huda tun tana ƙarama, a sauya shi bayan kamar shekara uku. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Lafiya ke korar mutane tsakar gida, gidan sauron ya kamata ya bi su waje, sanda huɗu da igiya sun wadatar. Na sha ganin sabon gidan sauro an kewaye lambun tumatir da shi, ko an rufe 'yan tsaki, kuma ban cika gaggawar zargin mai shi ba, domin wanda aka ba abu ba a zauna an fahimtar da shi ba, amfanin da idonsa ya gani shi zai bi. Gaskiya ne kuma sauro a sassa da yawa na Nijeriya ya fara jure maganin da aka saba sa wa gidan sauro, kamar yadda kakanninsa suka yi a Ambursa, shi ya sa ake ƙera sababbi masu haɗin sinadari biyu, irin masu PBO. Idan za a yi rabo, irin waɗannan ya kamata hukuma ta nema mana.

Na biyu, wanda a ganina aka fi sakaci da shi alhali ya fi kowanne daɗewa, shi ne ginin ɗakin kansa. Anofilis yana bin warin mutum ne, idan ya iso bango sai ya yi sama, ya shiga ta ratar da ke tsakanin kan bango da rufi, wadda magina da yawa ke bari a ɗakin kwano marar silin. Toshe wannan rata da laka ko bulo, da sa raga a tagogi, da gyara ƙofa ta riƙa rufuwa ruf, aiki ne na yini ɗaya ko biyu wanda ke kare duk wanda ke ɗakin, har da wanda bai shiga gidan sauro ba tukuna. A ƙasar Gambiya an gwada wannan a ɗaruruwan gidaje, sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna sauron da ke shiga ya ragu da kusan rabi, ƙarancin jini ga yara ma ya ragu. A gari kamar Shabu, inda kullum ake aza sabon tushe, maganar magina ce da kafintoci, tun ran gini ran zane. Sai dai a tuna a bar tagogi masu faɗi a fuska biyu, domin ɗakin da aka toshe ya zama tanda ba wanda zai kwana a ciki.

Hayaƙin ganyen doɗɗoya da na darbejiya da ɓawon lemo, da maganin sauro na kunnawa, suna kora na ɗan lokaci a farkon dare, sa'an nan su mutu daidai lokacin da mai zazzaɓin ke fitowa. Fiya-fiya kuwa, da sauran magungunan gona da ake ɗurawa a kwalba ana yayyafawa a ɗakin kwana, mafsadarsu ta rinjayi maslaharsu, guba ce da aka yi domin fili, ba domin ɗakin da jariri ke numfashi ba.

Fasali na biyar: abin da ke wuyan unguwa

Sauro bai san katanga ba. Galibinsa ba ya wuce kilomita ɗaya ko biyu daga ruwan da ya haife shi, wanda ke nufin sauron da ya ciji ɗanka ɗan unguwarku ne, amma ba lalle ɗan gidanka ba. Mai gida zai iya kife kowane gwangwani, ya rufe kowace randa, ramin maƙwabcinsa ya ci gaba da aiko masa da baƙi. Shari'a ta hana cutar da maƙwabci, ta kuma sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin ayyukan imani, kuma ban san wani addini ko al'ada a cikin Gwandara da Eggon da Alago da Hausawa da sauran mazauna wannan ƙasa da ta saɓa wa haka ba. Matsalar farali na kifaya dai ita ce kowa yana zaton wani zai yi.

Misalin da ya fi kowane bayyana yadda ake fita daga wannan zato daga Barazil ya zo. A 1930 aka ga sauron gambiye, ɗan Afirka, ya tsallaka teku ya sauka a birnin Natal, kuma a 1938 ya haddasa annobar da ta kashe dubban mutane. Abin da wani jami'in lafiya mai suna Fred Soper da abokan aikinsa suka yi shi ne suka yanka ƙasar gunduwa-gunduwa, kowane yanki aka damƙa shi ga mutum ɗaya da sunansa, aka wajabta masa zagaya kowane ruwa da ke ciki sau ɗaya a mako yana zuba maganin tsutsa, aka kuma sa wani yana bin sawunsa yana dubawa. Kafin ƙarshen 1940 sauron ya ɓace. An maimaita haka a kudancin Masar, aka gama a 1945. Ba na cewa za mu ƙarar da gambiye a Shabu, domin can baƙo ne, nan kuwa gidan ubansa ne; abin ɗauka shi ne tsarin, wato yanki sananne, mutum sananne, rana sananniya, da mai duba aikin mai dubawa. Dattawanmu ma sun san irinsa a wurin duba-gari na zamanin En'e, wanda ke shiga gida ya leƙa randa da ludayi, ko da yake tsoron tara da cin mutunci sun sa mata na ɓoye tulu idan sun ji tafiyarsa, kuma wannan ɓangaren ba abin dawowa da shi ba ne. A zamaninmu birnin Darussalam na Tanzaniya ya bi wannan hanya tun daga 2006, da 'yan unguwa masu zagaye mako-mako suna zuba Bti, wani maganin tsutsa da ake samu daga ƙwayar halittar ƙasa, wanda ba ya cutar da mutum ko dabba ko kifi.

Shawarata ke nan ga Sangarin Shabu da masu unguwanninsa, da limamai da shugabannin coci, da sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Kowace unguwa ta zana taswirar ruwanta a takarda, rami-rami, kuma a nan ɗaliban aikin gona da ke zaune a cikinmu za su yi amfani ƙwarai, su da aka koya wa sanin ƙwari. A naɗa wa kowane yanki matasa biyu da sunansu, a tsayar da rana guda a mako, a riƙa karanta abin da suka samu bayan sallar Juma'a da bayan addu'ar Lahadi, domin waɗannan su ne tarukan da tun asali suke tafiya da lissafin mako. Ramin da za a iya cikewa a cike shi, wannan ya gama har abada. Wanda za a iya yanka wa hanya ya tsiyaye a yanka masa. Gindin famfo a haƙa masa rami a cika da tsakuwa ruwan ya nutse. Mai buga bulo da mai gini a ɗaure su da sharaɗi tun kafin su sa diga, cewa ramin da suka haƙa su za su mayar. Kududdufin da jama'a ke amfana da shi a bar masa kifinsa, a kuma nemi Bti ta hannun hukuma. Baƙin mai da kananzir da wasu ke zubawa a daina, suna kashe kifi su ɓata ƙasa, ruwan sama ɗaya kuma ya wanke su.

Masu adawa za su ce a tsakiyar Agusta, sa'ad da kowane sawun ƙafa ya zama tafki, wannan aiki ya fi ƙarfin matasa biyu, kuma sun yi gaskiya. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa yaƙi da tsutsa ƙari ne a kan gidan sauro, kuma ya fi amfani inda wuraren ƙyanƙyasa suke kaɗan, tabbatattu, masu sauƙin samu. Amma wannan siffa ita ce siffar Shabu da rani. Daga Disamba zuwa Maris ruwa yakan janye ya koma 'yan wurare da ake iya ƙirgawa da yatsu, ragowar rafi, da ramuka masu zurfi, da lambunan fadama, da gindin rijiyoyi, kuma a cikinsu ne irin da zai cika gari da damina yake jira; sai ga shi lokacin ne muke mantawa da sauro ɗungum, saboda ya daina damun kunnenmu. Da rani za a zana taswira, da rani za a cike ramuka, tun ƙasa na ɗaukuwa a baro.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba za a yi jinkiri ba. A 2020 an gano a Jihar Gombe wani baƙon Anofilis ɗan Asiya mai suna istifensi, wanda ya saɓa wa 'yan'uwansa na nan, domin shi a tankin ruwa da durom da kwarmin siminti na masu gini yake ƙyanƙyasa, rani da damina. Saboda haka matasan da za a naɗa, bayan ramukan waje, sai a ƙara musu da neman izinin masu gida su leƙa tankuna da duromomi, su tabbatar kowanne yana da murfin da ya rufe shi ruf, wanda ba shi da murfi kuwa a juye shi a wanke duk mako kafin a sake cikawa.